Yadda ake amfani da kalmar "confer" ta Turanci

Kalmar confer aiki biyu take yi: ko dai a yi shawara, ko a ba wa mutum wata daraja. Asalinta daga Latin ne, inda take nufin tattaro abubuwa wuri guda. Ba sai ka haddace ƙamus ba kafin ka raba ma'anonin.

Da farko, dubi ƙaramar kalmar da ke tare da ita. In ka ga with, zancen shawara ake yi. Lauya ne a kotu ya sunkuya yana raɗa da wanda yake karewa kafin ya ba alƙali amsa: "The lawyer conferred with his client." Haka alƙalin wasa in ya ruga gefen fili wajen mai ɗaga tuta kafin ya ba da fanareti. Kada ka haɗa ta da consult. Ita consult zuwa ne wurin wanda ya fi ka sani, kamar likita, ka tambaya ya faɗa maka. Confer kuwa haɗa kai ne, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Kuma ba a tsallake with ɗin: "I conferred my lawyer" ba Turanci ba ne.

Na biyu, in ka ga on ko upon, galibi an koma ga bayarwa. Tsarin jimlar shi ne: abin da aka bayar ya fara zuwa, sai on, sannan wanda aka ba. "The university conferred a degree on her." Amma fa ba kowace kyauta ba. Wanda ya miƙa maka goro ko kuɗin mota give ya yi. Confer ta manyan abubuwa ce da hukuma ko masarauta ke bayarwa: digiri a ranar yaye ɗalibai, sarautar gargajiya, lambar girmamawa irin su GCON, ko ikon da doka ta damƙa wa wani ofishi. Matsayin SAN na manyan lauyoyin Najeriya, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga F.R.A. Williams da Nabo Graham-Douglas, da wannan kalma ake faɗarsa.

Na uku shi ne inda masu ilimi ma ke zamewa. Jaridunmu cike suke da "He was conferred with a title", har kunne ya saba. Za a gane abin da kake nufi, amma in a jarrabawar WAEC kake ko wasiƙar ofis, shawarata ka kauce mata. Darajar ce ake ɗorawa a kan mutum, don haka ita za ta shige gaba: "A title was conferred on him." Ita kuwa "confer to" kada ma ka soma.

Na huɗu, rubutu da furuci. Ana danna murya a gaɓar ƙarshe, shi ya sa r ke zama biyu a conferred da conferring, kamar preferred da referred. A conference kuwa muryar ta dawo gaɓar farko, sai r ta tsaya ɗaya. Af, wannan cf. ɗin da ɗaliban jami'a ke gani a ƙasan shafi daga tushe guda suka fito da confer, sai dai ita cf. "kwatanta da" take nufi.

Daga nan ka ɗauki jaridar Turanci, ka ja layi a ƙarƙashin duk confer da ka gani, ka rubuta "shawara" ko "bayarwa" a gefenta, sannan ka gyara waɗanda aka sa wa with a inda on ya kamata.