Yadda ake gwada ko sabon eya kilina ya fi na kamfani jan iska

Masu motoci da dama a Katsina suna cire akwatin eya kilina (filtar da ke tace iskar da injin ke sha) na kamfani su ɗaura mai siffar mazurari, saboda rurin da injin ke yi. Ruri daban, iska daban. Awo ne kawai ke raba gardama.

A samo farin tiyo irin na lebur ɗin magina, kamar mita 4. A lanƙwasa gefe ɗaya a jikin katako kamar harafin U, kowane hannu mita 1, a zuba ruwa zuwa rabi, a ɗiga zoɓo don a riƙa ganinsa. Ɗaya bakin a haɗa shi da bututun iska tsakanin filta da totur (ƙofar da iska ke shiga injin), a toshe duk wata kafa a wurin haɗin, ɗayan bakin kuma a bar shi a buɗe. Idan hannun U ya gajarta, injin zai zuƙe ruwan.

Gwaji a tsaye ba ya nuna komai, domin injin da ba ya jan kaya iska kaɗan yake sha. A hau miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso, a sa giya ta biyu, a take totur har ƙasa, wanda ke riƙe da katakon ya karanta tazarar da ke tsakanin ruwan hannu biyu. A yi sau uku, a canja filta, a maimaita a wuri ɗaya kafin rana ta ɗaga. Mai ƙaramar tazara ya fi sakin iska. Amma bambancin santimita 10 kusan kashi 1 ne cikin 100 na matsin iska, direba ba zai ji shi a ƙafa ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne zafi. Buɗaɗɗen filta iskar cikin bonet yake zuƙa, kuma duk ƙarin digiri 3 yana rage nauyin iska da kusan kashi 1 cikin 100. A jona sikana (na'urar karanta kwamfutar mota) a duba IAT (sensa mai auna zafin iskar da ke shiga injin) da MAF (sensa mai auna yawanta), musamman a zafin Afrilu: sau da yawa ribar tana ƙarewa a nan.

Sai ƙurar hunturu. A shafa giris siriri a cikin bututu bayan filta, nesa da MAF, a yi mako guda ana zirga-zirga tsakanin Katsina da Daura. Idan yatsa ya ji tsaki-tsaki a giris ɗin, ƙura na shiga tana cin ring da silinda, a mayar da filtar takarda ta kamfani.