Kurakuran tazara da jeri a shafukan man da yadda ake gyara su

Ranar da nake mayar da shafin man (shafin jagora da umarnin man ke nunawa a Unix) na wata ƙaramar manhaja zuwa Hausa, layi guda ya ɓace mini ɓat. A cikin fayil yana nan, amma da na buga man babu shi. Na kusa awa guda ina laluba kafin in lura cewa layin ya fara ne da kalmar 'yan. A wurin roff, tsarin da ke jera rubutun shafukan man, duk layin da ya fara da ɗigo ko da alamar ' umarni ne. Ya nemi umarni mai suna yan, bai samu ba, sai ya haɗiye layin bai ce uffan ba. Maganin shi ne a sa \&, alamar da ba ta fitowa a shafi, a gaba, ya zama \&'yan. Mu masu rubuta 'ya'ya da 'yar'uwa, wannan ramin kamar don mu aka haƙa shi.

Tsarin tsoho ne. Littafin jagorar Unix na farko ya fito a 1971, Joe Ossanna ya rubuta troff, James Clark ya kawo groff a 1990, daga baya Kristaps Dzonsons ya fara mandoc wanda OpenBSD ke amfani da shi. Dukkansu manhajojin karanta roff ne, suna ɗaukar fili a matsayin magana, kuma nan ne yawancin mutane ke tuntuɓe.

Ka fara layi da fili guda, roff zai yanke sakin layin a nan, ya tura rubutun ciki. Ka bar layi fayau don raba sakin layi, zai ba ka tazara, amma ba irin wadda .PP, umarnin fara sabon sakin layi, ke bayarwa ba, har turin da ya gabata ma yana iya biyo ka. Yi amfani da .PP kawai, kuma kada ka sa shi kai tsaye bayan .SH, umarnin kan sashe, ba ya ƙara komai.

Wanda ya fi cin rai shi ne tazarar ƙarshen jimla. Idan ɗigo ya zo a ƙarshen layin fayil, roff yana ɗauka jimla ta ƙare, sai ya bar fili biyu. Idan kuwa jimla ta ƙare a tsakiyar layi da fili ɗaya a bayanta, ɗaya za ka samu. Sai shafi ya fito wani wuri a matse, wani wuri a sake. Shi ya sa ake fara kowace jimla a sabon layi. Akasin haka ma na faruwa: gajeren suna irin Dr. ya faɗo ƙarshen layi, a buɗe masa fili kamar an gama magana. Rubuta Dr.\& ya wuce.

Jeri kuma, kada ka daidaita ginshiƙai da maɓallin tab ko tarin filaye, domin roff zai cika layi ya watsa maka su. Misalin umarni a sa shi tsakanin .EX da .EE, ko .nf da .fi. Tebur na gaske aikin tbl ne, manhajar da ke shirya wa roff tebur, tsakanin .TS da .TE, kuma layin farko na fayil ya zama '\" t don man ya san zai kira shi. Idan ka ga rubutu na ta gangarawa dama har ƙarshen sashe, ƙirga .RS (mai tura rubutu ciki) da .RE (mai dawo da shi) ɗinka, ɗaya ya yi maraya.

Haruffanmu masu lanƙwasa ma suna lalacewa idan ka kira groff da kanka ba tare da -k ba, saboda ba ya gane ƙ da ire-irenta. Ko ka sa -k, ko ka rubuta \[u0199] a madadin ƙ.

Ni yanzu ba na tura shafi sai na bi da shi ta mandoc -T lint, wanda ke tona filin da ya maƙale a ƙarshen layi, sannan groff -man -ww -z, wanda ke nuna gargaɗi kawai. Daga nan in buɗe shi da MANWIDTH=60 man -l, domin teburin da ya zauna daram a faɗin haruffa 80 yakan karye a ƙaramar taga.