Yadda za ka sakar wa yaran shagonka mara ba tare da ka tafka asara ba

Shekara goma sha tara ke nan ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, kuma sha biyar daga ciki na yi su ne ina ganin idan na tashi daga kujerata shagon zai rushe. Makullin sito yana aljihuna, littafin bashi yana cikin durowar da ni kaɗai ke buɗewa, ko ragin naira ɗari biyu a kan turmi ɗaya sai an kira ni. Jinya ce ta farkar da ni. Kwana tara na yi a gadon asibiti, wayata ba ta huta ba. Da aka sallame ni na tarar wani mutumin Damagaram da ke sari a wurinmu tun mahaifina na da rai ya koma wani layi, don ya nemi ragin da bai taka kara ya karya ba a kan dila biyu, babban yarona ya ce masa, "Sai Alhaji ya zo." Ban ga laifin yaron ba. Abin da na koya masa ke nan shekara takwas.

Ga yadda na gyara, ko zai amfani mai shago, ko mai gidan burodi, ko manajan wani kamfani a Sharaɗa ko Bompai.

Fara da biro da takarda. Mako guda, duk tambayar da yaro ya kawo maka ka rubuta ta: "Alhaji, a bar masa a haka?" "Alhaji, a sayo man janareta?" "Alhaji, nawa za a ba ɗan dako?" Ranar Juma'a bayan an sauko ka zauna ka kasa su kashi uku. Akwai abin da yaro zai yi ba sai ya gaya maka ba. Akwai wanda zai yi, ya gaya maka da yamma wajen rufe lissafi. Akwai kuma wanda dole ya jira ka. Da na yi nawa, kunya ta kama ni, don yawancin abin da ake tashina daga barcin rana a kansa na kashin farko ne.

Sai ka sa iyaka, kuma ka faɗe ta da lamba. "Ka yi abin da ya dace" ba umarni ba ne, tarko ne, domin ranar da abu ya lalace kai ne za ka ce bai dace ba. Otal ɗin Ritz-Carlton na Amurka ya yi suna da bai wa ma'aikaci damar kashe har dala 2,000 don warware matsalar baƙo ba tare da neman izinin manaja ba. Mu ba mu kai nan ba, amma dabarar ɗaya ce. A shagona kowane kaya yana da farashi biyu da yara suka sani: wanda ake fara faɗa, da wanda ba a sauka ƙasa da shi. Tsakanin biyun nan yaro ne sarki, shi zai ce albarka, shi zai ce ya sallama. Bashi kuwa, babban yarona kaɗai ke bayarwa, ga mutanen da sunansu ke littafi, kuma kowa da adadin da ba ya wucewa.

Yanzu ga inda abokaina na kasuwa ke ce mini na zauce. Na nuna wa manyan yarana biyu kuɗin da nake saro kaya. Mutum ba zai iya ciniki da ido a rufe ba. Idan bai san nawa turmi ya faɗo mana ba, da kuɗin mota da na dako da hayar shago, to kowane ragi caca ce a wurinsa, kuma mai tsoron caca kiran waya zai yi. Sukan ce, "Idan ya san sirrinka gobe zai buɗe nasa ya kwashe maka mutane." Nakan ce, to da ma fa? Wane ne a layinmu bai fara da yaron wani ba? Ni kaina sai da na yi shekaru ina ninke atamfa kafin a yaye ni a ba ni jari. Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, da wakilai ya yi fataucin goro da gyaɗa, mutanen da yake damƙa wa kuɗi su tafi garuruwan da babu waya balle a kira shi a tambaya. Yaron da zai tafi zai tafi. Gara ya tafi yana kiranka ubangida, yana saro kaya a hannunka, da ya tafi da ciwonka a rai.

Akwai ikon da ko ƙaramin yaro ya kamata ya samu tun makon farko, wato ikon cewa a dakata. A masana'antun Toyota na Japan, ma'aikacin da ya ga matsala a layin haɗa mota yana da damar jan igiya ko danna maɓalli ya kira shugabansa, kuma layin kan tsaya idan ba a warware ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mun koyi namu darasin ne a farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya, ciniki ya koma taransifa da POS, masu alat na bogi suka samu kasuwa. Tun daga nan dokata ita ce, duk yaron da bai ga kuɗi sun shigo asusu ba, ko ya ga ƙirgen kaya bai cika ba, zai hana lodi, ko da mai kayan abokina ne, ko da da rawani ya zo. Kuma idan ya tsayar aka duba aka ga babu komai, ba na masa faɗa. Ka yi masa faɗa sau ɗaya, ba zai ƙara buɗe baki ba.

Kada ka warware hukuncin yaronka a gaban mai saye. Wannan ya fi komai wuya, har yau nakan ciji leɓe. Idan ya sallama kaya a farashin da bai yi maka ba amma yana cikin iyaka, ya wuce. Idan mai saye ya tsallake shi ya zo wurinka, ka ce, "Yadda ya gaya maka haka ne." In ba haka ba, kowa zai gane cewa maganar yaro iska ce. Gyara sai an rufe shago, ku biyu, kuma ka fara da tambaya: "Me ka gani ka yi haka?" Sau da yawa amsar takan fi tunanina.

Ba a ba kura ajiyar nama, gaskiya ne, shi ya sa sakin mara ba ya tafiya sai da lissafi. Kowace Asabar mutum biyu ke ƙirga sito, kuma wanda ke riƙe kuɗi ba shi ke rubuta littafi ba. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, nakan tuna masa aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta yi umarni da rubuta bashi. Wannan ya haɗa da ɗan yayanka da ke shagon. Shi ma a ƙirga nasa, kuma kada a ɗora shi kan wanda ya fi shi sanin aiki don kawai jini.

Idan ka ƙara wa mutum nauyi, ka ƙara masa abin hannu. Ka ba shi makulli da ciwon kai, kuɗinsa na nan yadda yake, wayo ka yi masa, kuma ya sani. Ni kamasho nake bayarwa a kan cinikin wata, da wani abu na musamman bayan kasuwar sallah.

Daga nan sai ka gwada ɓacewa. Fara da kaɗan: ka tafi azahar kada ka dawo sai la'asar, waya a kashe. Bayan wata guda ka ɗauki yini. Idan ka dawo, kada ka shigo kana zare ido kana neman abin da ya lalace. Ka zauna a kawo maka littafi. Bara na je ɗaurin aure Haɗeja na kwana biyu, kira ɗaya aka yi mini, shi ma babban yarona ne yake tambaya ko zan biya ta Gumel in karɓo wani tsohon bashi tun da ina kusa.