Babi na Shida: Inci, Yadi da Mita

Darasi na 1: Tef ɗin awo

Ku ɗauko tef irin na teloli, wanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, ku shimfiɗa shi a kan tabarma. Fuska biyu gare shi. Fuskar da lambobinta suke wara-wara, suka tsaya a 60, ita ce ta inci. Ku juya. Wadda lambobinta suke a matse, suka kai 150, ita ce ta santimita.

Inci 1 daidai yake da santimita 2.54. Kada ɗigon nan ya ba ku tsoro, biyu da rabi ne da 'yar ɗoriya. A awon kasuwa biyu da rabi ya isa.

To, ga inda kowa yake tuntuɓe. Inci ya fi santimita girma. Saboda haka in za a mai da inci santimita, ninkawa ake yi, lamba ta ƙaru. In za a mai da santimita inci, rabawa ake yi, lamba ta ragu. Ku sake karanta layukan nan da ƙarfi. Ba abin kunya ba ne, sannu ba ta hana zuwa.

Hannun riga inci 24 ne. Daga babba za mu ƙarami, sai mu ninka: 24 sau biyu da rabi, santimita 60 ke nan. Wani dattijo a ajinmu na Tudun Wada, tela ne da ya shekara talatin yana taka keke, ya raba maimakon ya ninka, ya sami ƙasa da 10. Na ce, "Baba, wannan ai hannun rigar 'yar tsana ne." Ya yi dariya har da ƙwalla, bai sake kuskuren ba.

Kafin ku taɓa biro, ku tambayi kanku: daga babba zan tafi ƙarami? Ninkawa. Daga ƙarami zan tafi babba? Rabawa. In kun gama, ku dubi amsar. In daga babba kuka tafi ƙarami, ya kamata ta ƙaru, ta ƙaru? In ba ta ƙaru ba, rabawa kuka yi. Ku goge, ku sake.

Ina faɗa ina nanatawa ne don bara rabin aji a nan suka faɗi, kuma ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, gaggawa ce. Mutum ya ga lambobi biyu sai ya hau lissafi bai yi tambayar ba. Wanda ya tsallake ta, kada ya ce malam bai faɗa ba.

Darasi na 2: Yadi da ƙafa

Ƙafa 1 inci 12 ce. Yadi 1 ƙafa 3 ne, wato inci 36, santimita 91 da kaɗan. Mita kuwa santimita 100 ce cif, ta ɗara yadi da kamar faɗin tafin hannu. Turmin atamfa yadi 6, a mita kusan biyar da rabi. Kun ga lamba ta ragu, don daga ƙarami muka tafi babba. Filin da dillalai suke kira hamsin da ɗari, ƙafa ake nufi, wajen mita 15 da mita 30.

Darasi na 3: Mil

Mil 5 kusan kilomita 8 ne. Daga Zariya zuwa Kaduna wajen kilomita 80, wato mil 50. Ku auna ƙofar ɗakinku da fuskokin tef biyu, ku rubuta.