Kurakuran da masu tara tsofaffin sulalla suke yi wajen farashi

Jama'a, abin da ya fi cinye wa masu sayen sulallan tarihi kuɗi shi ne ɗaukar cewa duk sulen da aka buga kaɗan to dole ya yi tsada. Wallahi ba haka kasuwar nan take ba. Adadin da aka buga daban, adadin da ya rage a duniya yau daban, kuma na biyun shi ne mai magana.

Dubi sulen zinare na dala 20 na Amurka, na shekarar 1933. Guda 445,500 aka buga, ba kaɗan ba, amma gwamnati ta narkar da kusan dukkansu, guda ɗaya tal doka ta yarda mutum ya mallaka, shi ne aka yi gwanjonsa a 2021 kan dala miliyan 18.9. Sai ka juyo kan sulen senti biyar na 1950 da aka buga a Denver, wajen miliyan 2.6 kawai, mutane suka ji labarin ƙarancinsa tun da wuri kowa ya ruga ya ɓoye nasa, shi ya sa har yau samunsa sabo fil ba ya wuya. To kafin ka ciro kuɗi ka tambaya: nawa ne suka tsira, kuma a wane hali suke?

Nan ne maganar maki ta shigo. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC na 1987 suna ba sule maki daga 1 zuwa 70 sannan su rufe shi a cikin roba, kuma suna fitar da ƙidayar yawan sulallan da suka ba kowane maki. Mutane da yawa suna ɗaukar ƙidayar nan tamkar yankan wuƙa, alhali tana da ramuka. Dila zai fasa robar ya sake tura sule ɗaya sau uku sau huɗu yana neman MS66 maimakon MS65 (MS alama ce ta sulen da bai taɓa zagawa a hannun mutane ba, lambar kuma ita ce makin) saboda maki ɗayan nan yana iya ninka farashi, in bai mayar wa kamfanin da takardar makin da ke cikin tsohuwar robar ba sai sulen ya fito a lissafi kamar guda huɗu ne. Ta ɗaya gefen kuma, sule mai arha za ka ga ƙidayarsa 'yar kaɗan, ba don yana da wuya ba, kawai ba wanda yake son biyan kuɗin tantancewa kan abin da bai kai ba. Wannan na biyun shi ya fi ba ni takaici, don sababbin shiga yake kamawa, a ce maka "guda uku ne kacal a wannan maki" ka zuba kuɗi, baɗi su zama talatin. Gyaran shi ne ka duba ƙidayar kamfanonin biyu, ka ga yadda take ƙaruwa cikin shekaru, musamman in sulen na zamani ne wanda har yanzu akwai shi jibge a hannun mutane.

Akwai kuma kayan da suke ɓoye ba wanda ya sani. Dalar azurfa ta Morgan ta 1903 bugun New Orleans, a da ana ganinta cikin mafi wuya, sabuwa tana kai wa wajen dala 1,500, sai a 1962 baitulmalin Amurka ya fito da buhunanta daga ma'aji, farashi ya faɗo ƙasa warwas. Haka jirgin ruwan SS Central America da ya nutse a 1857, da aka tsamo zinarensa sai ga dubban sulallan 1857 na San Francisco sababbi. Ba za ka iya hango irin wannan ba, gaskiya, amma kar ka tattara duk jarinka kan sule ɗaya da tsadarsa ta dogara da cewa ba a ga sauran ba tukuna.

Sannan ƙaranci ba tare da masu nema ba, ba ya kawo kuɗi. Sentin Amurka mai hoton Shugaba Lincoln na 1909-S VDB (S na nufin bugun San Francisco, VDB kuma haruffan sunan wanda ya zana shi) guda 484,000 aka buga, dubbai suna nan, amma duk mai haɗa jerin Lincoln sai ya neme shi, shi ya sa ba ya arha. Wani sulen kuwa bai fi guda ashirin a duniya ba amma masu sonsa ba su kai goma ba. Don haka ka daina kallon kuɗin da mai kaya ya sa, ka nemo abin da aka biya a gwanjon baya-bayan nan, kan wannan shekarar, wannan makin, wannan kamfanin.

Kuma don Allah kar ka goge sule wai ya yi ƙyalli. Masu tantancewa suna ganewa, ba za su ba shi maki na lamba ba, Details kawai za su rubuta a jikin robar, masu saye kuma su rage masa kuɗi sosai komai ƙarancinsa.