Kurakuran da ke karya mai doguwar tafiya a kan keke

Yawancin wahalar da mai keke ke sha da la'asar a tsakiyar daji, tun da safe ya jawo wa kansa ita. Gari da sanyi, jiki da ƙarfi, sai mutum ya sa giya mai nauyi ya yi ta danna feda kamar an biyo shi. Kafin azahar gwiwa ta fara ciwo, sauri ya haifi nawa. Sassauta giya, ƙafa ta riƙa juyawa ba nauyi, kamar sau 80 zuwa 90 a minti. Keke mai kaya bai cika wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa ba. Wanda ya ƙudurta kilomita 100 ya sani awa shida ko bakwai zai yi a kan sirdi, ban da hutu.

Sai jiran yunwa da ƙishirwa. Wannan ya fi kowanne kayar da mutane. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta na iya ƙarewa cikin awa biyu na aiki mai ƙarfi, kuma ba ya sallama in zai ƙare: ƙafa ta mutu, ido ya yi duhu, ɗan tudu ya zama dutse. Ka riƙa cin ɗan abu mai sitaci duk awa, ko ba ka marmari. Ruwa kuwa a kurɓa akai-akai, wajen rabin lita zuwa lita guda a awa in ana zafi, tare da ɗan gishiri saboda gumi. Duk inda ka ga ruwa mai tsabta ka cika gorunanka, ko da rabi kawai ka sha. Ƙauyen da taswira ta nuna a gaba wataƙila gida uku ne da busasshiyar rijiya.

Faci kuma, mutum ya canza tub cikin gaggawa, ya bar ƙayar a jikin taya, bai yi nisa ba iska ta sake fita. Shafa cikin tayar da yatsa a hankali kafin ka mayar. In liƙi za ka yi, bari sholisho ya sha iska tukuna. Famfon da ba ka gwada a gida ba, kada ka yarda da shi.

Sirdi in ya yi ƙasa yana cin gwiwa. Don gwada tsayinsa, zauna a kai ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. In ƙafa ta miƙe sak, tsayin ya yi. Kaya masu nauyi su sauka daga bayanka, su koma kan kariyar keke, wato wurin ɗora kaya, a raba su daidai hagu da dama.

Waya fa? A daji sabis yakan ɗauke. Sauke taswira tun kana gida, ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da inda kake sa ran kwana, ka kuma jefa fitila a jaka ko da kana ganin da rana za ka isa.