Ga ƙannenmu likitoci masu sauka Amurka: ku karanta bizarku kafin ku sa hannu

Kusan duk shekara sai wani ƙanenmu ya kira ni: "Yaya, so nake in zama likitan borin jini da garkuwar jikin yara, irinka." Madalla. Hanyar a fili take: jarrabawar USMLE ta lasisin likitanci a Amurka mataki uku, takardar shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a waje, sai rabon guraben horo a asibitoci a watan Maris. In Allah ya sa ka dace, shekara 3 kana horon likitan yara, ka ƙara 2 na ƙwarewa, ka zauna jarrabawar hukumar fannin. Ba na jiye wa yaranmu tsoron karatu. Wanda ya haddace littattafai da hasken tocila, wannan ba zai gagare shi ba. Ku dai sani tun 2022 mataki na ɗaya ci ko faɗuwa ne kawai, makin na biyu ake dubawa.

Takardu ne suka sa ni furfura. ECFMG ba ta yarda da kwafin digirin da ke hannunka, makarantarka take tuntuɓa kai tsaye. Tawa wasiƙar wata biyar ta yi a cikin durowar wani ofis, sai da kawuna ya yi sawu huɗu da ƙafarsa. Tun kana gida ka samu wanda zai bi maka.

Sai biza. Yawancinmu da J-1, bizar masu zuwa horo, muke shigowa. Tana buƙatar wasiƙa daga ma'aikatar lafiyar ƙasarka cewa ana bukatar irin ƙwarewarka, kuma iyakarta shekara 7, wanda ya isa horon. Amma akwai ƙugiya a ciki: in ka gama, dole ka koma gida shekara 2 kafin a ba ka bizar aiki ko katin zama. Ni murna ta rufe mini ido, na rattaba hannu ban karanta ba. Kuma kada wani ya ruɗe ka a wajen walima, auren 'yar ƙasa ba ya goge wannan sharaɗi.

Ɗaya daga cikin hanyoyin kauce wa sharaɗin ita ce shirin Conrad 30: kowace jiha tana da gurbi 30 a shekara, ka yi aiki shekara 3 inda ake ƙarancin likitoci. Jihohi da yawa likitocin gama-gari suke fifitawa, mai fanni irin namu sai abin da ya rage. Na fara nema a makare, na ƙare a wani ƙaramin gari da sai mun yi tafiyar awa biyu kafin mu sayi naman halal. Uwargida ta yi haƙuri, amma har yau tana yi mini gori. Mai son shigowa da bizar aiki ta H-1B kuwa sai ya ci mataki na uku na USMLE da wuri, ba kowane asibiti ke bayar da ita ba, kuma horon zai cinye 5 daga cikin shekarunta 6. Ka tambaya tun ranar ganawa. Kunya ba ta da amfani a nan.

Aikin kansa akwai daɗi: asma, kyasbi irin na yara, gwajin fata, da jariran da aka haifa ba garkuwa, waɗanda tun 2018 kowace jiha ke gwada su da ɗigon jinin diddige. Abin da zai ba ka mamaki gyaɗa ce. Mu da muka tashi da ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, sai ka ga yaro ya kumbura, numfashi na sarƙewa, uwa na lalubar EpiPen, allurar gaggawa ta alaji, a jaka. Kada ka kuskura ka yi murmushi in ta ce ɗanta ba ya taɓa gyaɗa. Wani bincike da aka yi a Ingila, ya fito a 2015, ya nuna ba jarirai gyaɗa da wuri na rage matsalar, na ce ashe iyayenmu ba su yi kuskure ba.

Makona na farko na buɗe ledar ƙuli-ƙuli a ɗakin hutun asibitin alaji. Babbar nas ta kalle ni, ba ta ce uffan ba, ta miƙo mini sabulu da tsumman goge tebur.